Shebur Ɗin Gajere

Akwai wani makaniken inji da ake ce wa Baƙin Mai. Hannunsa ne ya jawo masa sunan. Ko ya wanke da sabulu da yashi, baƙin mai ba ya barin ƙasan farcensa.

Ya daɗe yana aiki a wani kamfanin buga robobi, bokiti da kofi da kujera. In inji ya fara tari shi ake kira. Yakan kara kunne a jikin ƙarfe ya ce ga inda ciwon yake, kuma a buɗe a tarar haka ne. Wannan ya sa kansa ya yi girma. Kullum da safe yana wuce leburori masu jiran mota a bakin titi, ko sallama ba ta haɗa su.

Rannan aka wayi gari da sarƙa da kwaɗo a ƙofar kamfanin. Masu shi sun kwance injinan sun sayar.

Da farko bai damu ba. Ya ce wa matarsa, "Mai hannu irin nawa ba ya zama. Su za su zo nemana."

Ba wanda ya zo. Shi ya fita. Ya je kamfanin sabulu, ya je na takalma, ya je gidan niƙa. Wasu su ce za mu neme ka. Wasu su kalli furfurar gemunsa su ce yara suke ɗauka. Wasu ma mai gadi ne ke sallamarsa tun daga ƙofa.

Sannu a hankali ya daina fita. Ya daina aski. Yakan saki labule da rana tsaka, ya kwanta a doguwar kujera yana kallon silin. Abinci ya koma masa kamar dusa a baki. In ya ji muryar maƙwabci a tsakar gida sai ya yi lamo, don kada a ce masa ya aiki.

Matarsa tana shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti. Ita ta riƙe gidan da yaransu biyu. Mace ce mai barkwanci, da can tsokanarta ce ke sa shi dariya. Yanzu kowace kalma tata tana sukarsa.

Wata rana ta ajiye masa kwano ta ce, "Baban yara, tashi ka ci. Silin ɗin nan ba zai faɗo ba ko ka daina gadinsa."

Ya ɗauki kwanon ya maka da bango. Ya bi ƙofar ɗaki da naushi har katakon ya tsage. Yara suka shige ƙarƙashin gado.

Ta ɗauke kwanon. Ta share, ta goge bangon.

Labari ya kai kunnen yayanta, wani mahauci tsamurarre, wanda ya girme wa Baƙin Mai nesa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Ya dubi tsagar katakon ya ce, "Suruki, yau katako ne. Ranar da ya zama ita, ka sani ba ka da mata."

Bayan ya tafi ta ce a hankali, "Ko za ka gwada bakin titi kafin Allah ya kawo wani?"

"Ni? Lebura?"

"Su ma mazan wasu ne."

Abin da ya fitar da shi daga ƙarshe shi ne maganar wasu mata a bakin famfo. Ya jiyo ɗaya tana cewa, "A ɗakin can ai matar ce mijin." Washegari ya ɗauki tsohuwar gudumarsa ya nufi titi.

Wurin yana da ƙa'idarsa. Ba mutane ke bin layi ba, kayan aiki ne. Duk wanda ya iso sai ya ajiye shebur ko diga ko guduma a gefen kwalta, bayan na wanda ya riga shi. Daga nan yana iya zuwa shan shayi ko kama ruwa, kayansa na tsare masa wuri. In motar yashi ko ta rusau ta tsaya ta ce mutum kaza, daga gaba ake ɗiba. Ba a taɓa kayan wani. Ko da ƙafa ba a gusar da shi.

Mai kula da wannan tsari wani dattijo ne mai karyayyen haƙori da kowa ke ce wa Kawu. Shi ya nuna wa Baƙin Mai inda zai ajiye gudumarsa, can a wutsiya.

Baƙin Mai ba ya iya sammako. Nauyin zuciya ba ya barinsa tashi, kuma yana jin kunyar tsofaffin abokan aikinsa su hango shi. Kafin ya iso layi ya yi tsawo. Motoci su zo su kwashi na gaba, rana ta take, sauran su watse. Haka ya yi ta komawa gida da gudumarsa a kafaɗa.

A cikin mutanen akwai wani ɗan gajeren mutum mai yawan wasa, Gajere ake kiransa. Shi ya fara ce wa Baƙin Mai Injiniya. "Injiniya, ka iso? Mun ajiye maka ofis a can baya, inda iska ta fi kaɗawa."

Sauran su yi dariya. Shi Gajere har da Kawu yake tsokana, amma Baƙin Mai ya ɗauka shi kaɗai ake yi wa.

Ranar da abin ya faru, ya iso ya tarar da shebur ɗin Gajere a gaba, mai shi ya tsallaka titi wajen mai shayi. Ya hango motar rusau tana rage gudu. Wani abu ya taso masa tun daga ciki. Ya sa ƙafa ya shure shebur ɗin ya faɗa kwata, ya dasa gudumarsa a wurin.

Kowa ya juyo yana kallonsa.

Gajere ya dawo da kofi a hannu, yana murmushi. "Ikon Allah. Injiniya, shebur ɗina ya yi ƙafafu ne?" Ya sunkuya zai gusar da gudumar.

Baƙin Mai ya riga shi cafkewa. Ya juya ta, ya sauke masa ƙotar a damtse da duk ƙarfinsa. Kowa ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen itace. Kofi ya faɗi. Gajere ya durƙusa yana kallon hannunsa da ya lanƙwashe inda ba gaɓa.

Sai sauran leburorin suka rufe Baƙin Mai da duka. Wani da ƙotar diga, wani da ƙafa, wani da dutse. Suka kayar da shi a bakin kwata suna tattakawa. Ya ji leɓensa ya fashe, ya ji ƙasa a cikin bakinsa. Kawu ne ya kutsa tsakiya yana ture su da kafaɗa. "Ku bari. Kashe shi zai gyara hannun? Ku tare mota a kai yaron nan asibiti."

A cikin wannan rububi Baƙin Mai ya miƙe ya gudu, ya bar gudumar a nan.

Ya isa gida da rana, ya tarar matarsa ta dawo daga aiki tana shanya. Ta ga jini a rigarsa, ta saki abin da ke hannunta ta biyo shi ɗaki.

"Me ya same ka? Wa ya yi maka haka?"

"Ƙyale ni."

"Ba zan ƙyale ka ba. Aiki ka je nema ko yaƙi?"

Bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Marin ya same ta a kunnen hagu, ya jefa ta jikin bango. Ta zame ta zauna a ƙasa. Wani siririn jini ya biyo ta kunnen ya gangaro wuyanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi na ɗan lokaci, irin kallon da ake yi wa baƙo. Ta dafa bango ta tashi, ta zuba kayan yara a buhu, ta tare su a hanyar makaranta, ta wuce gidan yayanta.

Ɗakin ya yi masa faɗi. Ya zauna a ƙasa inda ta zauna, yana kallon hannunsa.

Washegari aka buga ƙofa. Kawu ne da maza biyu a bayansa, yana riƙe da shebur ɗin Gajere, an wanke shi.

Kawu bai yi doguwar gaisuwa ba. "Hannun ya karye gida biyu. An ɗaure. Yana da mata da 'ya'ya. Zaɓi biyu gare ka. Ko mu kai ka wajen 'yan sanda yanzu, ko ka bi ƙa'idarmu."

"Wace ƙa'ida?"

"In ɗayanmu ya ji ciwo, shebur ɗinsa ba ya barin layi. Wani ke ɗauka ya yi aiki da shi, abin da aka samu ya kai gidan mai shi. Da karɓa-karɓa muke yi. Wannan karon kai kaɗai za ka yi, har a kwance masa ɗauri."

"Ni kuma in ci me?"

"Za a ba ka abin da zai riƙe ka a tsaye. Ba don kai ba, don shebur ɗin."

Baƙin Mai ya miƙa hannu ya karɓa.

Tun daga ranar dole ta koya masa sammako, don in ya makara gidan wani ne zai kwana da yunwa. Ya loda yashi. Ya kwashe baraguzan gini. Ya haƙa ramin masai a ƙasa mai tsakuwa. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Abokan aikin ba su sassauta masa ba. In ana jifan bulo daga hannu zuwa hannu, nasa yakan zo da ƙarfi a saitin ƙirji. Wani abokin Gajere ya taɓa sakar masa kwanon kankare a kan ƙafa, ya ce hannu ne ya kuɓuce. Farcen babban yatsansa ya fita. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Kai kuɗin ya fi aikin wuya. Ran farko matar Gajere, mai wankau ce, ta gan shi a bakin ƙofa, ta ɗauki bahon ruwan kumfa ta sheƙa masa tun daga kai. "Ka zo ƙarasa ɗayan hannun ne?"

Ya ajiye abin da ya kawo a kan dakali ya juya yana ɗiga.

Haka ya yi ta zuwa. Daga baya ta daina watsa ruwa, ta koma harara. Wata rana Gajere ya leƙo ya ce, "Injiniya, shigo mana. Ba na cizo, hannu ɗaya gare ni."

Ɗaki ɗaya ne, rabinsa tulin kayan wankin mutane. Ya tarar matar tana ɗaure wa mijinta mazagin wando tana mita. "Tsaya mana. Ƙato da kai sai an sa maka wando kamar ɗan yaye."

"Ki yi a hankali, ranki ya daɗe. Ni yanzu babban mutum ne, ina da mai sa mini kaya, ina da injiniya mai yi mini aiki."

Ta dungure masa kai ta fita tana dariya.

Baƙin Mai ya bi ta da kallo. Can ya ce, "Ba ka jin kunya? Ita ke ciyar da kai, ita ke yi maka komai."

Gajere ya dube shi da mamaki. "Da nake ciyar da ita, ta ji kunya ne?"

Ya gyara zaman hannunsa ya ci gaba. "Ni direban babbar mota ne da, ido ya fara ba ni matsala aka sallame ni. Kawu ma'ajin kaya ne a wani kamfani. Duk wanda ka gani a layin nan daga wani wuri ya faɗo. Kai kaɗai ka zo kana ganin taka faɗuwar ta fi ta kowa zafi. Da na rasa aiki na yi wata da watanni ban iya kallon idon matar nan ba. Rannan na zauna na gaya mata tsoro nake ji. Ta ce ita ma. Daga nan abin ya yi sauƙi."

Sannan ya ƙara da cewa, "Na ji abin da ka yi wa taka. Ni ƙashi ne, zai haɗe. Can ne ban sani ba."

Maganar ta bi Baƙin Mai har gida. Bayan kwana biyu, da aka tashi aiki, ya wuce kasuwa kai tsaye da ƙurarsa da shebur a kafaɗa, ya tsaya gaban teburin surukinsa.

Mahaucin yana sarar ƙashi. Ya ɗago ya gan shi, ya ci gaba da sara.

"Yaya, na zo ba da haƙuri."

Mahaucin ya soke wuƙarsa a katako. Ya ɗauki ƙarfen da yake wasa wuƙa da shi, ya zagayo. "Ajiye wannan abin."

Baƙin Mai ya ajiye shebur a ƙasa.

Ƙarfen ya sauka a kafaɗarsa. Ya sake sauka a haƙarƙari. Na gaba ya same shi a goshi, gira ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Masu sayen nama suka ja baya. Mahaucin tsoho ne, ba shi da nauyi. Da Baƙin Mai ya hankaɗa shi sau ɗaya da ya zube a cikin kwandon ƙashi. Ya ji hannunsa na dama ya dunƙule ya fara tashi da kansa, kamar yadda ya saba. Sai ya kai na hagu ya damƙe wuyan hannun, ya mayar da su baya, ya riƙe gam.

"Rama mana," in ji mahaucin yana haki. "Ko sai mace?"

Ya sake zuba masa. Baƙin Mai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, hannuwansa na baya.

"Ka ji yadda yake?"

"Na ji, Yaya."

Mahaucin ya jefar da ƙarfen a kan tebur.

Ashe matar Baƙin Mai tana wurin. Ta biyo ta kasuwa daga aiki, ta iso ana tsakiyar abin, ta tsaya a bayan mutane ta ga komai. Ta matso ba ta kalli kowa ba, ta ciro tsumma mai tsabta daga jakarta ta danna masa a goshi. "Riƙe nan. Tashi mu je a ɗinke."

A asibitin da take aiki aka ɗinke girar. Bayan an gama suka zauna a benci a baranda, ita a gefen damansa, tana kallon gaba.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya cuce ta. Ya ce tun da aka rufe kamfani tsoro ne ke cinsa, ya rasa wanda zai gaya wa, ya mayar da shi faɗa. Ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya gama ya jira.

Ba ta motsa ba.

"Maman yara, ba za ki ce komai ba?" Ya taɓa hannunta.

Ta juyo. "Magana kake yi? Zagayo ta nan. Wannan kunnen ya daina ji."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya tashi ya zagaya ɗaya gefen, ya zauna, ya sake faɗin komai tun daga farko. Karo na biyu ya fi wuya.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na ga hannunka a kasuwa. Shi ya sa na zauna a nan. Amma ba yau zan koma ba. Ka gama da mutumin da ka karya tukuna. Kuma in abin ya taso maka, ka buɗe baki ka faɗa mini, ko ka fita ka zaga gari. Ban taɓa raina ka don ba ka da aiki ba. In ka sake ɗaga mini hannu, ba Yaya ne zai raba mu ba, ni ce."

Ya ce ya ji.

Da aka kwance wa Gajere ɗauri, Baƙin Mai ya sayi nasa kayan aiki ya ci gaba da fita bakin titi. Aikin inji bai dawo ba, sai ɗan gyaran da ake kiransa jefi-jefi. A makon ne matarsa ta dawo da yaran.

Suna zaune lafiya har yau. Amma likita ya ce kunnen ba zai dawo ba. In ya kira ta daga hagu ba ta waiwayowa, sai ya tashi ya zagaya. A rana yakan yi wannan zagayen sau da yawa, kuma bai taɓa yi ba tare da ya tuna dalili ba.

Darasi: Rashin aiki jarrabawa ce, ba abin kunya ba ne, kuma ba laifin na gida ba ne. In zuciya ta yi nauyi, ka buɗe baki ka faɗa wa wanda ke tare da kai tun kafin hannu ya yi magana. Aiki yana tafiya ya dawo, ana iya yafe maka, amma akwai ɓarnar da haƙuri ba ya gyarawa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana zaune a gida ba aiki, da wanda ke zaune tare da shi.